Ruwa Iya Gwiwa

Sani, na karanta takardar da kai da ƙannenka kuka rubuta ta tarihin garin nan, wadda za ku karanta ranar buɗe makaranta. Sau biyu na karanta ta da tabarau. Kun iya tsara magana, ba laifi, kuɗin boko bai tafi a banza ba. Kun ce kakanku Malam Sale ya zo ya tarar da daji ba mai shi, ya sare, Allah ya ba shi. Kun ce kakarku Inna da bakinta ta roƙa a binne ta a nan saboda son da take yi wa wurin. Ban ga laifinku ba, don ni na faɗa muku haka tun kuna yara, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin da idonsu. Ku karanta taku a wurin taro, mutane su tafa. Wannan da nake rubutawa ta cikin gida ce, kuma ba daɗi za ta yi muku ba.

Daga wani ƙauye na ƙasar Matazu muka taso, a shekarun farin nan da kuka sha ji. Damina biyu a jere gero ya yi kara bai fid da kai ba. Mun ci iri, mun ci dusa, mun sayar da awaki a kuɗin kaji. Wani ɗan garinmu da yake cin rani a Funtua yana dakon auduga ya dawo ya ce akwai daji a kudu, tsakanin Danja da Maska, ƙasa baƙa wuluk, ciyawa ta fi mutum tsawo, kuma masu wurin suna ba baƙi aro. Gida bakwai muka ɗaura kaya. Babana, Malam Sale, shi ne babba, shi ne kuma mai ɗan karatu, don haka shi ke gaba. A gidanmu akwai shi, da Inna, da ni Haruna, da mahaifiyarku Rabi wadda ba ta cika shekara a ɗakina ba. Yayata Hanne ce kawai aka bari, don tana gidan mijinta da 'ya'ya uku. Ita ce 'yar farin Inna, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari: ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ranar da za mu taso Yaya Hanne ta biyo mu har bayan gari tana kuka, Inna ko waiwaye ba ta yi ba, tana ta gyara gammon tulunta.

Dajin na mutanen Baushe ne, wani tsohon gari mai ganuwa da ke ƙetaren rafi, tafiyar kusan awa biyu daga nan. Dagacinsu ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana fura. Ya ce mu sari iya ƙarfinmu, duk kaka kowane gida ya kawo dami ɗaya na gaisuwa. Sannan ya kira wakilinsa, wani dogon mutum mai sanyin murya da ake ce wa Wakili Ɗan'azumi, ya ce ya faɗa mana sharaɗi.

"Abu uku ne, Malam," in ji Wakili. "Kada ku dasa itace. Kada ku gina rijiya. Kada ku binne gawa. In Allah ya yi wa naku rasuwa, ku ɗauko shi ku kawo maƙabartarmu, akwai wuri."

Baba ya ce mun ji, mun kuma gode. Ni a lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba, ina ganin ko wata al'ada ce ta mutanen kudu. A hanya ne Baba ya warware mini. Ya ce wanda ya dasa itace ya ce zai daɗe, wanda ya gina rijiya ya ce ya zauna, wanda kuwa ya binne nasa ya zama ɗan ƙasa, ba mai tashinsa. Ya ce ba komai, mu da muke neman abin da za mu sa a baki, ina ruwanmu da zama ɗan ƙasa.

Ku da kuka taso kuka ga gonaki shimfiɗe har iya ganinku, kuna hawa babur ku je Danja ku dawo kafin shayi ya huce, ba za ku gane abin da ake nufi da saran daji ba. Mu mutanen jigawa ne, mun saba da rairayi wanda yaro ma zai nome. Nan muka tarar da laka. Da rani ta bushe kamar dutse, da damina ta riƙe ƙafa ta cire wa mutum takalmi. 'Yan hauyoyin da muka zo da su duk suka lanƙwashe a makon farko, sai da muka koyi riƙon garma irin ta mutanen nan. Itatuwa kuwa marke ne da ƙirya da taura. Sare ƙirya wasa ne a kan tumɓuke kututturenta: sai ka yi kwana huɗu kana tonon gindi ɗaya, ka tara kara ka cinna wuta, ka dawo ka tarar ya yi baƙi kawai yana kallonka. Birai suna ɓarnar masara da rana tsaka. Maciji ya kashe mana mutum ɗaya a shekarar farko, zazzaɓi ya ɗauki yara biyu a ta biyu, kuma duka ukun a kanmu muka ɗauke su muka haye rafi muka kai Baushe, kamar yadda aka ce. Ruwan sha daga rafi mata ke ɗebowa, da rani su tona yashi su jira ya tsattsafo. Bukkokin kara muke kwana. Amma ƙasar ba ta yi mana rowa ba. A kaka ta uku na ga dawa wadda ban taɓa ganin irinta ba, kai ɗaya ya cika hannu biyu, har Baba ya tsaya a bakin gona yana share ido da hannun riga.

Inna ba ta taɓa son wurin nan ba. Wannan shi ne gyara na farko a takardarku. Ta yi aiki kamar kowa, ta fi wasu ma, amma kullum a bakinta ruwan nan ɗanɗanon laka gare shi, tuwon dawa ba ya zama mata a ciki kamar na gero, sauron nan ba su da tsoron Allah. Kwallayenta na jere ba ta taɓa kwance su daga cikin buhu ba. In Rabi ta ce a fito da su a jera, sai ta ce a bari, wa ke jere a zango.

A farkon damina ta huɗu, mun gama shuka ke nan, Wakili Ɗan'azumi ya zo. Kai Sani kana goye lokacin. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawar da masallaci yake yanzu, magidanta bakwai suka zauna. Ya yaba gonaki, ya yaba ƙoƙarinmu, ya daɗe yana yabo har jikina ya ba ni ba alheri ya kawo ba.

"Dagaci ya ce a gaishe ku," ya ce. "Ya ce yaran gari sun yi yawa, gonakin cikin gari sun gaji. In kun girbe na bana, wurin nan za a raba masu. Ku kuma akwai wani dajin can yamma, ya fi wannan kyau ma. Ku je ku sara."

Can Baba ya ce, "Wakili, shekara uku muna cire kututture."

"Shi ya sa aka ce aro, Malam. Ai ba a ɓoye maku ba."

Gaskiyarsa, ba a ɓoye mana ba. Mu ne ba mu gane ba cewa gatari aka ɗauke mu: mu sare, mu gyara, a karɓe, a tura mu gaba mu sake sarewa. Daga baya na ji haka aka yi wa wasu baƙi kafin mu. Bayan tafiyarsa magidanta suka yi ta shawara. Wani ya ce mu dasa mangwaro a ɓoye, Baba ya ce za su tuge. Wani ya ce mu gina rijiya, Baba ya ce za su cike ta da ƙasa a yini ɗaya. Ba wanda ya ambaci na ukun, amma na ga yadda kowa ya sunkuyar da kai, kuma na san duk abu ɗaya muke tunani. Kabari ba a tone shi. Kuma kowa ya san akwai hanzari ɗaya da mutanen Baushe ba za su iya ƙi ba: in rafi ya cika ya hana hayewa, ba a ajiye gawar Musulmi ana jiran ruwa ya janye.

A cikin wannan daminar ciwon Inna ya tashi. Ƙafafu suka fara kumbura, sannan ciki, sannan numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta kwanta. Ba zan zalunci Baba ba: ya yi mata jiƙo, ya yi mata rubutu, ya sayar da tunkiya ya kira wani mai magani daga Maska. Da hannunsa yake ba ta kunu, abin da ban taɓa ganin namiji ya yi ba a lokacin. Amma da watan Agusta ya kama, ita da kanta ta san inda aka dosa. Wata safiya ina gyara ƙotar garma a ƙofar bukkarta na ji ta tana magana da shi.

"Malam, ka bar ni in tai gida."

"Ki bari ki ji sauƙi tukuna."

"Ba sauƙi zan ji ba, kai ma ka sani. Ina son in ga yarinyar nan. In Allah ya ɗauke ni, ya ɗauke ni a ɗakinta, a sa ni kusa da uwata. Ban taɓa roƙonka komi ba tun da ka kawo ni dajin nan."

Baba ya ce, "Rafi ya cika. Ko namiji mai lafiya ba ya hayewa. In ya janye sai a san abin yi."

Hanyar gida ɗaya ce: a haye rafi, a kai Danja, a hau mota zuwa Malumfashi, daga can a nemi ta Matazu. Yini ɗaya ne in an yi sammako, kuma akwai asibiti a kan hanyar. Rafin kuwa halinsa kun san shi, har yau bai sake ba duk da gadar da aka yi. In an yi ruwa mai ƙarfi sai ya cika ya yi hauka kwana ɗaya ko biyu, sannan ya sauka. A wannan makon ruwa ya ɗauke, kwana shida ba a yi ko yayyafi ba. Daga bukkar Inna ba a ganin rafin, kuma ta daina iya fita. Matan da ke ɗebo ruwa kullum sun san gaskiya. Duk wadda ta shigo gaishe ta, in ta tambaya, sai ta ce ai rafi sai addu'a, Inna. Ba wanda ya tara su ya ce su faɗi haka. Gida bakwai suka haɗu a kan ƙarya ɗaya ba tare da an yi shawara ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni in na tuna.

Mahaifiyarku ce kaɗai ta ƙi. Ba ta ƙaryata kowa ba, yarinya ce a gidan surukai, amma ta daina shiga bukkar in ana maganar rafi. Ta same ni a gona ina noman dawa, kai kana bayanta, ta ajiye mini fura ta tsaya.

"Jakin maƙwabcinmu Malam Audu yana nan," ta ce. "Ka ɗora ta da sassafe, ni zan riƙe ta ta gefe. Kafin azahar kuna Danja."

"Baba ya ce a jira."

"A jira mi? Ka san abin da ake jira."

Na daka mata tsawa, na ce ta kama bakinta, ta koma gida. Ban taɓa yi mata irin wannan tsawar ba kafin nan, kuma dalilin da na yi shi ne ta faɗi abin da nake ɓoye wa kaina. Ina da shekara ashirin da biyar, da ƙarfina, ba yaro ba ne da za a ce an juya shi. Na dubi dawar nan da ta kai mini ƙirji, na dubi gonar da na zubar da farcen ƙafa biyu wajen cire mata kututture, na tuna yunwar Matazu, na tuna ku da za a haifa. Ba biyayya ce ta hana ni ba, ko da yake da ita na fake shekara da shekaru. Ina son gonar.

Ranar kasuwar Danja Baba ya kira ni bayan gida. Ya ƙirga mini kuɗi a hannu, bai dube ni ba.

"Ka je ka sawo farin yadi. Kamu goma sha biyar. Kada ka tsaya surutu da mutanen Baushe, ka sa shi cikin buhu."

Na gane. In Inna ta cika babu likkafani a gari, dole wani ya haye ya sawo, kuma wanda ya haye don yadi ba zai ce ya kasa hayewa da gawa ba. Na karɓi kuɗin. Na isa mashaya, na naɗe wando, na shiga. Ruwan sanyi, a hankali yake tafiya, ana ganin yashi a ƙasa. Iya gwiwa ya tsaya mini. Na haye cikin abin da bai fi a karanta Fatiha sau uku ba. A Danja na ga motar Malumfashi tana lodi, yaron mota yana kira, akwai wuri a gaba. Na tsaya na kalle ta har ta cika ta tashi, sannan na shiga rumfar masu yadi.

Da la'asar na dawo. Na ɓoye buhun a rumbu, na shiga gaishe ta. Tana jingine da buhun kwallayenta, don ba ta iya kwanciya sosai. Fuskarta ta kumbura, amma idonta garau. Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a ƙafar wandona. Na manta ban sake shi ba. Ya jiƙe, ya bushe, ya bar zanen laka daidai gwiwa.

"Haruna, ina ka je?"

"Gona, Inna."

"Gona ba ta warin kasuwa. Ka haye?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce e.

"Ruwan ya kai maka ina?"

Da na yi mata ƙarya a nan, wataƙila da ta tafi da sauƙin zuciya. Amma ban iya ba. Na nuna gwiwata da hannu.

Ta daɗe tana kallon wurin da na nuna. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, ba ta tambayi abin da na sawo ba, ina jin ta sani. Abin da ta ce kawai shi ne, "To. Allah ya sa gonar ta ishe ku." Ta juya fuskarta wajen zana. Daga wannan ba ta ƙara yi mini magana ba, ba ta ƙara yi wa Baba ba. In ya kawo kunu sai ta rufe baki, sai Rabi ta karɓa ta ba ta. Ko a lokacin da sauran dama, jakin yana nan, rafin yana nan yadda yake. Na kwana biyu ina cewa gobe.

A kwana biyun nan hankalinta ya fara gushewa, ta riƙa kira. Sunan da ba ta taɓa furtawa ba shekara talatin da wani abu shi ta riƙa kira, da ƙarfi, har ana ji daga gidan maƙwabta. Hanne. Hanne, zo ki ɗaga ni. Hanne, kin ci abinci? Hanne, ba ƙinki nake ba, kunya ce. Mata suka riƙa fita daga bukkar suna toshe baki da gyale. Rana ta uku da hantsi ta cika, kanta a cinyar mahaifiyarku.

Kafin azahar an gama komai. Yadin yana nan a shirye, ba wanda ya tambayi daga ina ya fito. Magidanta suka gina kabarin a kan tudun nan da ke gabas da gari, kuma ban taɓa ganin an gina kabari da sauri irin wannan ba. Baba ya yi mata salla. Ni na shiga ramin na karɓe ta. Da aka gama, mutane suka zo suna yi mana ta'aziyya, suna cewa Allah ya jiƙanta, Allah ya ba da haƙuri, kuma a fuskokinsu akwai wani sakin jiki da suka kasa ɓoyewa. Ban tsane su ba, don ni ma na ji shi a ƙirjina, tare da baƙin cikin, kuma har yau ban yafe wa kaina wannan ba.

Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana biyu ana yi. Rafi ya cika da gaske, ya shanye mashaya, ya tafi da gonar rake ta Malam Audu. Labari ya kai Baushe duk da haka. Ranar addu'ar uku Wakili Ɗan'azumi ya iso, masu iyo biyu suka haye da shi da gora, rigarsa a ɗaure a ka. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Ya ce a kai shi kabarin, ya tsaya ya yi addu'a. Sannan ya dawo gindin ɗorawa ya zauna, ya ce dagaci ya aiko shi da tambaya. Baba ya fara bayani, ya ɗaga masa hannu.

"Ba kai ba, Malam. Ɗanta nake son ji." Ya juyo gare ni. "Samari, an gan ka a kasuwar Danja kwana biyu kafin rasuwar. Ta ina ka bi?"

"Ta rafi. Iyo na yi."

"Ranar da ta cika fa? Ka je ka duba?"

"Na je."

"Ruwan ya kai ina?"

Magidanta shida suna kallona, Baba yana kallon ƙasa. Ta bayan zana na hango Rabi a tsaye da kai a bayanta. Na ɗaga hannu na sa a wuyana.

Wakili ya dube ni, ya daɗe. Ba wawa ba ne, ya san an yi kwana tara ba ruwa. Wani daga cikin masu iyon ya ce a kawo Alƙur'ani in dafa.

"A'a," in ji Wakili. "Uwarsa ce. Ba mai yin ƙarya a kan gawar uwarsa." Ya miƙe ya kaɗe riga. "Zan faɗa wa dagaci lalura ce. Wurin da kuka sa taku, ba mai tashinku. Allah ya jiƙanta."

Haka aka kafa Unguwar Sale. Da rani muka gina rijiya, ba wanda ya hana. Damina mai zuwa muka dasa mangwaron da kuke sha. Muka rushe bukkoki muka yi ginin ƙasa, baƙi suka riƙa zuwa suna neman wuri a hannunmu, har Baba ya zama mai unguwa. Ya rayu shekara goma sha tara bayan haka, bai sake aure ba, kuma ni da shi ba mu taɓa yin maganar ba ko sau ɗaya. Ranar da Wakili ya tafi ne kawai Baba ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi mini albarka, na ji kamar ya ɗora mini garwashi. Mahaifiyarku ta zauna da ni shekara arba'in da ɗaya, ta haifa mini ku tara, ba ta taɓa gorantar da ni ba. Amma duk shekara in an kawo sabuwar dawa daga gonar tudun da aka binne Inna, tuwon farko ba ta ci, sai ta ce cikinta ne. Kun sha yi mata tsiya a kan haka.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Saƙon rasuwar bai kai Matazu ba sai bayan mako biyu, ta bakin wani ɗan koli. Yaya Hanne ta taho ita kaɗai da goyo, mota uku ta hau, ta ƙarasa da ƙafa. Rafi ya sauka lokacin, zane kawai ta ɗage ta haye. Na kai ta kabarin. Ta durƙusa ta daɗe, ba ta yi kuka mai sauti ba, halin uwarta gare ta. A hanyar dawowa ta tsaya a tsakiyar dawa inda ba mai jin mu, ta riƙe mini hannun riga.

"Haruna, ka faɗa mani gaskiya. Ta neme ni?"

Na san in na ce e, tambaya ta gaba ita ce me ya hana a kawo ta. Na san kuma Yaya ba za ta yi shiru ba, za ta je har gaban dagacin Baushe.

Na ce, "Ba ta samu hali ba, Yaya. Barci take ta yi. Ba ta kira kowa ba."

Ta saki rigata. Ta ce, "Dama na sani. Ba ta taɓa..." Ba ta ƙarasa ba. Ta gyara goyonta ta wuce gaba. Kwana ɗaya ta yi ta koma.

Na yi ta zuwa Matazu bayan haka, duk kaka ina kai mata buhun dawa da na masara, tana godiya, tana sa mini albarka, tana cewa ni ne ɗan'uwan da ba ya mantuwa. Sau da yawa na zauna a ɗakinta da niyyar faɗa, in sha ruwa, in yi sallama, in taho. In hira ta kawo kan Inna sai ta yi 'yar dariya ta ce ita kam ba ta san daɗin uwa ba, haihuwarta kawai aka yi. Bara waccan ta rasu, tana da shekara tamanin da wani abu, tana ganin uwarta ta bar duniya ba ta tuna da ita ba.

Sani, 'ya'yanta huɗu suna raye, ka san gidajensu. Ka ɗauki wannan takarda ka je Matazu, ka tara su, ka karanta musu tun daga farko, kada ka tsallake komai don ka rufa mini asiri. In ka zo wurin da Inna take kira, ka karanta a hankali, ka faɗi sunan da ƙarfi yadda ta faɗe shi. Na so in je da kaina. Na shirya sau biyu, na kai tasha na dawo.